Darasi Kan Salansa Da Kayan Ƙarin Ƙarfi Na Mota Mai Turbo

 

Kun saba ganin bayanina a kan gero da dawa da wake. Yau na sauko daga kan buhu na shiga ƙarƙashin mota, kuma ga dalili. Ɗan ƙanwata, wanda yake sana'ar kayan mota, ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Kawu, so nake ka sa mini jari mu yi ƙiradi. Akwai kayan da samari masu kuɗi na Abuja da Legas suke nema ruwa a jallo, salansa ta musamman da kayan ƙara wa mota gudu, ribar ninki ce." Na ce masa, "Yaro, ni ban taɓa biyan kuɗin buhu ban zura hannu na ga ƙwaya ba. Ba ni wata guda." A cikin watan nan na zauna da kanikawa da masu walda, na sa aka karanta mini takardun masu ƙera kayan, na yi ta tambaya har wasu suka gaji da ni. Abin da na fahimta shi ne, wannan kaya ba a ƙyallinsa kuɗinsa yake ba, a awon da aka yi kafin a ƙera shi yake. To, ga bayanin dalla-dalla, domin wanda za a zo wa da irin maganar da aka zo mini da ita.

Fasali a kan turbo

Ka sani, ya kai mai karatu, inji wuta yake hurawa a cikinsa, kuma mai ba ya ci sai da iska. Kilo 1 na fetur yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Saboda haka wanda yake son ƙarin ƙarfi, ƙara mai kaɗai ba zai ba shi ba, sai baƙin hayaƙi da hasara. La budda sai an ƙara iska. Dubi maƙeri: gawayi ɗaya ne, amma idan yaro ya danna zuga-zugi sai wuta ta yi fari ta narka ƙarfe. To, turbo zuga-zugin inji ne. Abin mamaki a nan shi ne, ba hannu yake zuga shi ba, hayaƙin injin da kansa ne. Farfela biyu ce a kan sandar ƙarfe guda. Hayaƙi mai zafi ya fito ya bugi ta farko ta juya, ita kuma ta juya ta biyu, ta biyun ta zuƙo iska ta danna ta cikin inji. Juyin nan yakan wuce sau 150,000 a minti guda, zafin hayaƙin kuwa a injin fetur yakan haura digiri 900.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. An daɗe ana amfani da ita a jiragen ruwa da na ƙasa da na sama kafin ta shigo ƙaramar mota a Amurka a 1962, a cikin Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Daga baya Turawan Jamus da Suwidin suka ɗauka, BMW a 1973, Porsche a 1975, Saab a 1978. Manyan motocin da suke ɗaukar mana hatsi daga Dawanau, su DAF da MAN da Howo, da turbo suke tafiya. Fiton nan da kake ji idan tirela ta kama hawa da kaya, shi ne.

Domin kada magana ta warwatse, bari mu kama mota guda mu yi darasi da ita, wato Golf ta kamfanin Volkswagen, wadda ba wanda bai san 'yar'uwarta a tasha ba. Akwai nau'inta mai gudu da ake kira GTI. Ta farko ta fito a 1976 da ƙarfin doki 110, ba turbo. Ta zubi na bakwai ta fito a 2013 da inji mai lita 2 da turbo ƙirar kamfanin IHI na Japan, ƙarfin doki 220. Sa'an nan akwai yayarta, Golf R, inji daga gida ɗaya, lita 2 ɗin dai, amma da turbo mafi girma da wasu kayan ciki mafi ƙarfi, ita doki 300 take bayarwa, kuma tayoyi huɗu ke ja.

Mai hankali zai tambaya, in injin yana da sauran ƙarfi, me ya hana kamfani ya sake shi duka? Amsa ita ce kamfani duniya yake sayar wa. Motarsa za ta je ƙasar ƙanƙara ta je ƙasar rana, za ta sha mai nagari ta sha gurɓatacce, za ta faɗa hannun wanda ba ya canza baƙin mai sai ya tuna. Ga dokar ƙara da dokar hayaƙi, ga alkawarin gyara kyauta na wasu shekaru wanda in inji ya fashe aljihunsa zai shafa. Ga kuma son a bar tazara tsakanin mai araha da mai tsada. Don haka sai ya bar rara, kamar mai mota mai tsoron Allah da yake rage buhu ashirin daga abin da motarsa za ta iya ɗauka. Na san irinsu ba su da yawa a garejinmu, amma akwai su. To, wannan rarar ita ce gonar da wasu kamfanoni suke nomawa. HKS na Japan an kafa shi a 1973 a gindin dutsen Fuji, kuma a 1974 ya fara sayar da turbo da ake ɗaura wa motar da ba ta zo da shi ba. APR na jihar Alabama a Amurka ya fara a 1997, ya shahara a kan Volkswagen da Audi. Akwai Milltek a Ingila, akwai Akrapovič a Sulobeniya wanda wani mai tseren babur, Igor Akrapovič, ya kafa a farkon shekarun 1990.

Fasali a kan dalilin da ya sa ake fara da salansa

Farfelar turbo tana juyawa ne saboda matsin da ke gabanta ya fi na bayanta. Mai noman rani ya san wannan: ruwa yana gudu a kwari ne in mafitarsa a buɗe take, in ka toshe ƙarshen sai ya tsaya ya kumbura ko da famfo yana aiki. Haka hayaƙi. In bututun da ke bayan turbo ya matse, hayaƙi ya taru, farfela ta yi nawa, zafi ya koma wa inji. In aka buɗe masa hanya, turbo ya riƙa kamawa da wuri, zafi ya ragu. Wannan ya bambanta da injin da ba shi da turbo, wanda shi tsawon bututu da faɗinsa sai an daidaita, in ya yi faɗi da yawa mota ta rasa ja a ƙaramin gudu. Daga nan ne wasu kanikawa suka ɗauko maganar cewa inji yana son a ɗan matse masa hayaƙi. A mota mai turbo wannan magana ba ta da gindi.

Salansa gaɓa uku ce. Akwai wuya, wato bututun da ya taso daga bakin turbo ya sauka ƙarƙashin mota, kuma a cikinsa matatar hayaƙi take, wadda 'yan gareji suke kira indomi saboda ramukanta. Akwai tsakiya. Akwai wutsiya, inda tukunyar rage ƙara take da bakin nan mai ƙyalli da ake gani daga baya. Riƙe wannan da kyau, ya kai dillali: mafi yawan matsi a wuya yake, don haka mafi yawan ƙarin ƙarfi daga canjin wuya yake zuwa. Wutsiya kuwa abin da take bayarwa murya ce da ado da ragin nauyi, ƙarfin da take ƙarawa kaɗan ne. Duk wanda ya miƙo maka wutsiya kaɗai ya ce za ta ƙara doki talatin, to ko bai sani ba, ko ya sani yana so ya ci kuɗinka.

Ga wani lissafi mai daɗi. Bututu mai inci 2 da rabi da mai inci 3, a ido rabin inci ne tsakaninsu. Amma faɗin ƙofa ana lissafa shi ne da ninka awon a kansa. Biyu da rabi sau biyu da rabi ya ba da 6.25, uku sau uku ya ba da 9. Wato ƙofar ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Shi ya sa inci 3 ya zama awon da aka saba yi wa injin lita 2 irin na GTI. Wanda ya wuce nan don haɗama, sai ya samu bututu yana gugar ƙasa a kan kowane tudun hanya, ƙara ta yi yawa, ƙarfi kuwa bai ƙaru ba.

Fasali a kan yadda ake ƙera ta

A nan ne kuɗin yake, don haka zan daɗe a nan. Kamfani na gaskiya, abu na farko da yake yi shi ne ya sami motar kanta, sau da yawa ya saye ta da kuɗinsa. Kafin a kwance ko noti ɗaya sai a hau da ita kan wata na'ura da suke kira daino. Gangunan ƙarfe ne a ƙasa, a ɗaure mota da igiyoyi, tayoyinta su riƙa juya gangunan, kwamfuta tana rubuta ƙarfin da ya fito a kowane mataki na juyin inji. Wannan shi ne sikelinsu. Ba sau ɗaya ake gwadawa ba, akan maimaita kamar sau uku ko fiye, da mai iri ɗaya, ana rubuta zafin iskar ɗakin. Sa'an nan a huda bututun kamfani a wurare, a sa ma'aunin matsi da na zafi, domin a san takamaimai inda hayaƙi yake shaƙewa.

Ku lura, sikelin nan ma ana ha'inci da shi, irin ha'incin da muka sani. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, inji ya fi ƙarfi da ita. Mai son yaudara sai ya auna motar da tsohuwar salansa da tsakar rana inji ya gaji, ya auna da sabuwa da sanyin safiya, ya ce ku ga bambanci. Wannan daidai yake da mai auna hatsi da danshinsa. Akwai kuma ƙarfin da ake lissafawa a bakin inji da wanda ya isa tayoyi, na biyun kullum ya fi ƙanƙanta domin giya da sauran ƙarafa sun ci rabonsu. Wani sai ya kawo awon farko na tayoyi, na biyu na bakin inji. Saye da babban mudu ke nan, sayarwa da ƙarami. Takardar daino da za a yarda da ita ita ce wadda ta nuna kafin da bayan, mota ɗaya, na'ura ɗaya, mai ɗaya, kusan lokaci ɗaya.

Bayan awo sai a ɗaga mota a ɗauki surar ƙarƙashinta da wata na'ura mai haske, ta shiga kwamfuta, a zana hanyar bututu. Wurin a matse yake ainun. Ga tankin mai, ga wayoyi, ga bututun birki, kuma inji ba a tsaye yake cak ba, yana girgiza a kan robobinsa. Ƙarfe kuma in ya yi zafi miƙewa yake yi. Bututu mai mita 3 na ƙarfen da ba ya tsatsa, in zafinsa ya ƙaru da digiri 400, yakan ƙara tsawo kusan santimita 2. Wanda bai bar wa wannan wuri ba, salansarsa za ta zauna lafiya a gareji, amma bayan tafiyar awa guda ta soma bugun jikin mota ko ta tsage a wurin walda. Domin haka ake sa wata gaɓa mai lanƙwasa kamar saƙa a wuya, ta riƙa shanye motsi.

Sai gwani ya haɗa ta farko da hannu, guntu-guntu. A ɗaura, a koma daino, a sauke, a gyara. Sau da yawa ƙarfi ya fito amma murya ta ɓaci. Akwai wani gunji da yake cika cikin mota idan ana tafiya a babbar hanya inji yana juyi tsakanin 2,000 da 3,000 a minti, wanda in ka yi tafiyar Kano zuwa Kaduna da shi sai kanka ya yi ciwo. Maganinsa wata 'yar tukunya ce rufaffiya da ake liƙawa a gefen bututu, wadda girmanta da tsawon wuyanta sai an lissafa su daidai da wannan gunji kafin ta kashe shi. In ka taɓa hura bakin kwalba ka ji muryarta tana canzawa gwargwadon ruwan da ke ciki, ka san asalin abin. Daga nan sai gwajin hanya, tafiya mai nisa, a zafafa a sanyaya, a duba ko wani wuri ya tsage ko fitilar gargaɗi ta kama.

Sai duk wannan ya kammala sa'an nan a ƙera mata gadon zubi, wato wani kwarangwal na ƙarfe mai nauyi da ake ɗora gutsattsarin a kai a yi walda, domin ta ɗari ta fito daidai da ta farko, kamar yadda mai bulo yake da abin zubinsa.

Ƙarfen kuma daraja-daraja ne, lamba ce take raba su. Mai lamba 409 yana da sinadarin kuromiyam kamar kashi 11 cikin ɗari, yana da araha, yana jure zafi, amma fuskarsa takan yi ja da tsatsa. Shi kamfanonin mota suka fi amfani da shi. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, ya fi tsada domin nikel kaya ne mai tsada, kuma shi ake yi wa salansa ta gari. Sama da su akwai titaniyam, wanda nauyinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na nauyin ƙarfe ba, waldarsa kuma sai ƙwararre. Volkswagen da kansa ya sa salansar titaniyam ta Akrapovič a cikin zaɓin Golf R ga mai son ya biya ƙari, ta rage nauyi kamar kilo 7. Ni dai da na ji kuɗin da ake biya don kilo 7 na yi shiru, domin mu kilo 7 tiya uku ce ba ta cika ba.

Lanƙwasa ma iri biyu ce. Ta gareji, in aka lanƙwasa bututu sai gwiwar ta matse ta yi tattara, inci 3 ya koma ƙasa da haka a daidai inda hayaƙi ya fi bukatar hanya. Ta masana'anta kuwa ana zura wani ƙarfe a cikin bututun yayin lanƙwasawa domin ya riƙe faɗinsa. Waldar kuma da iskar argon ake yi, har a cika cikin bututun da ita, domin in iskar duniya ta taɓa ƙarfen yana narke, cikin waldar ya yi ƙuraje baƙi, daga nan tsagewa take farawa.

Fasali a kan abin da yake biyo bayan salansa

Motar zamani tana da ƙwaƙwalwa, wato 'yar kwamfutar da take ƙayyade mai da iska da lokacin tartsatsin fulogi. In ka canza wuya ba ka gaya mata ba, sau da yawa sai ta kunna fitilar gargaɗi, kuma ba za ta ba ka cikakken amfanin abin da ka saya ba. Don haka kamfanonin nan suke sayar da sabon rubutu da ake ɗura wa ƙwaƙwalwar. Suna da mataki-mataki. Na ɗaya rubutu ne kaɗai, ba a taɓa ƙarfe ba, kuma a GTI shi kaɗai yakan ƙara dawakai gommai. Na biyu rubutu da wuya. Na uku a canza turbo ɗin ɗungurungum, wasu ma na Golf R suke ɗaura wa GTI.

Amma fa kowane ƙari da mai biyan bashinsa. GTI mai giyar hannu an san ta da zamewar kulochi bayan an ƙara mata ƙarfi, sai an sa mai ƙarfi. Iskar da aka matse tana zafi, sai an sa mata babban lagireton iska. Fulogi da baƙin mai sai an riƙa canza su da wuri.

Ga kuma inda abin ya shafe mu kai tsaye. Fetur yana da daraja da ake aunawa da lambar oktan, wato juriyarsa kada ya kama da wuta kafin lokacinsa. Rubuce-rubucen nan galibi an yi su ne don mai lamba 95 ko 98 a awon Turai, ana zaɓa a famfo. Mu a gidajen manmu famfon fetur iri ɗaya ne, abin da tanka ta kawo shi za ka sha. Haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda rana take wuce digiri 40. Idan matsi ya yi yawa, iska ta yi zafi, mai ya gaza, sai wuta ta riƙa fashewa a cikin inji ba bisa ƙa'ida ba. Ƙwaƙwalwa tana jin wannan ta ja baya, ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi. In abin ya fi ƙarfinta, fistan ya tsage. Haka matatar iska buɗaɗɗiya da suke sayarwa don inji ya shaƙa da yawa, wadda aka gwada a ƙasar da ba ta san ƙurar hunturu ba. Farfelar da take juyi dubu ɗari da hamsin, ƙura a gare ta tamkar tsakuwa ce.

Sai maganar indomi. A cikinta akwai ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam, su ne suke ƙone gubar hayaƙi. A watan Maris na 2021 oza ɗaya na rodiyam ya kusa dala 30,000, kafin ya faɗo ƙasa da dala 5,000 a 2023, kuma tsadar nan ce ta sa ake ƙwaƙule ta daga motoci. Ta kamfani tana da ramuka 400 zuwa 600 ko fiye a kowane inci murabba'i. Wuya na gari yana zuwa da tasa mai ramuka kamar 200, hayaƙi ya wuce da sauƙi kuma a tace shi gwargwado. Wuya mai araha kuwa bututu ne fanko. Dokar tsabtar iska ta Amurka ta hana sayar da kayan da suke kashe matatar hayaƙi a motar hanya, hukumar muhallinsu ta matsa wa masu wannan sana'a tsakanin 2020 da 2023, kuma a 2024 kamfanin COBB Tuning ya yarda ya biya tarar kusan dala miliyan 2.9. A Turai akwai hatimin amincewa da ake bugawa a jikin salansar da aka yarda ta hau hanya. Kowane ɗan kasuwa ya san inda kayan da aka kora daga wata kasuwa yake nufa, wato kasuwar da ba a bincike. Wanda zai shaƙi hayaƙin kuwa mai tura baro ne da yarinya mai talla a bakin titi.

Fasali a kan tsada da jabu

Alal misali, a ce kamfani ya kashe kuɗi dubu a sayen mota da awo da gwaji da gadon zubi. In ya sayar da guda 10, kowace ta ɗauki ɗari. In ya sayar da 1,000, kowace ta ɗauki ɗaya. Shi ya sa kayan motar da take da yawa a duniya kamar Golf suke da sauƙi da yawan zaɓi, na motar da ba ta da yawa kuma suke tsada ko ma babu. Mai kwaikwayo shi bai kashe dubun nan ba. Guda ɗaya ya saya ta gaskiya, ya auna ta da ido da tef, ya rage kaurin ƙarfe, ya cika bututu da ƙyalli. A hoto ba ka raba su.

A hannu kuwa ana rabawa. Ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu: 409 yana kama shi sosai, 304 ba ya kamawa sai ɗan kaɗan a wurin lanƙwasa. Amma kada ka tsaya nan, domin akwai mai lamba 201 wanda aka rage masa nikel aka cika da manganis, shi ma maye ba ya kama shi, kuma da shi ake yin jabun 304. Wannan sai damina ta tona shi, ko takardar shaidar ƙarfe daga masana'anta. Ka haska tocila cikin bututu ka dubi bayan walda, santsi ne ko ƙuraje. Ka dubi leɓen da ake ɗaure noti, in siriri ne zafi zai murɗe shi hayaƙi ya riƙa tsiyaya. Ka dubi gwiwa ko ta matse. Ka ƙirga ramukan sansa ka ga sun yi daidai da na motar.

Babbar hasara kuma ba a jabu kaɗai take ba, a rashin dacewa take. Yaron ya ba ni labarin wani maƙwabcinsa a kasuwa da ya yi odar wuya ashirin da sunan na Golf zubi na bakwai. Da suka iso ashe na Golf R ne, masu saye kuwa GTI gare su. Ita R tana da sandar da take kai ja ga tayoyin baya, don haka wuyanta hanyarsa daban. Ba su shiga, kuma ba a mayarwa. Haka GTI ta kasuwar Turai, daga wajen ƙarshen 2018 an ƙara mata wata matatar toka a salansa, wadda ta shekarun baya ba ta da ita. Suna ɗaya, ƙarƙashi daban. Kada a yi oda sai da lambar shasi mai harafi da lamba 17, da shekarar ƙira, da kasuwar da aka yi wa motar.

A ɓangaren shari'a, malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in ya gano. Buga sunan wani kamfani a jikin abin da ba shi ya yi ba algus ne, ba shi da wani suna. Ni a ganina har abin da kayan zai jawo wa mota ya kamata a faɗa: cewa alkawarin gyara na kamfani zai iya faɗuwa, cewa mai zai ƙara tafiya in ƙafa ta yi nauyi, cewa rubutun da aka yi don man Turai yana iya kashe inji a nan.

Da watan ya cika na kira yaron. Na ce ba zan ba shi abin da ya nema duka ba, rubu'i zan bayar. Ya kawo guda biyar kawai, wutsiya uku da wuya biyu masu matata, daga masana'antar da take da suna da adireshi da takardar daino, kowace da mai ita a ƙasa wanda ya ba da lambar shasi da kafin alƙalami. Rubutun ƙwaƙwalwa kuwa na ce kuɗina ba zai shiga ba, sai ranar da ya nuna mini wanda zai auna motar a nan da man da muke sha. Ya ɓata rai ya ce, "Kawu, ai kafin nan wasu sun cinye kasuwar." Na ce su ci. Mun rubuta sharuɗɗan, shaidu biyu sun sa hannu, riba kashi biyu, kuma kayan suna hanya.

A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu koma kan farashin sabon gero da kuɗin mota daga ƙauye. Wassalam.